Layi na Talatin

Litinin, 5 ga Maris 1956, bayan la'asar

Malamar makarantar manya ta ce duk wadda ba ta rubutu kullum hannunta zai manta. To ga shi ina yi. Ni ce Barkisu mai koko da ƙosai ta bakin famfon Asawasi a Kumasi. Shekara biyu ke nan ina koyon boko da girmana, mata na yi mini dariya, wai zan zama akawun gwamna. Yau dariya ta ƙare, Mai Unguwa da kansa ya aiko a kira ni.

Ciwon nan ya shigo Zango. Ba ma kiran sunansa, sai dai mu ce baƙo, amma bari in rubuta sau ɗaya don kada in ruɗa kaina: agana. Gida uku a layin mahauta, gida ɗaya bayan masallaci. An ce ruwan lamba na rigakafi zai zo daga Ankara, babban birnin ƙasar nan, ranar Alhamis cikin ƙanƙara, kuma kaɗan ne. Rabon unguwarmu mutum sittin, talatin maza, talatin mata da yara. Maza ba sa shiga cikin gidajen mutane, don haka ni zan rubuta na mata. Ni! Malam mijina kuma yana arewa da goro, an tare hanya, balle in yi shawara da shi.

Ta zo da safe karɓar kokon Goggo Hajo. Na ƙara ƙosai uku a ganye kamar kullum, na ce na Goggo ne. Goggo ta bar cin abin mai tun bara. Na sani, ita ma ta sani.

Wadda nake nufi ita ce ta fari. Shekara goma sha bakwai da na haife ta. Ranar da aka yaye ta Goggo Hajo, ƙanwar babana da Allah bai ba haihuwa ba, ta goya ta ta tafi da ita. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Haka uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah, kuma kowa ya yaba mata kunya. Yarinyar tana ce wa Goggo Mma, ni kuma Yaya.

Talata, 6 ga Maris, da azahar

Kai, yau na ga mutane! Tsakar gidan Mai Unguwa ba wurin sa ƙafa. Ta wajen maza ina jiyo Alhaji Zuberu mai goro yana ta hargagi, wai a fara da 'yan dako da direbobi, in ba takardar lamba ba a barin mota ta wuce shinge, goro zai ruɓe, Zango ta kwana da yunwa. Liman ya ce a fara da masu taɓa marasa lafiya da masu wankan gawa. Wani ya ce tsofaffi, wani ya ce tsofaffi sun ci zamaninsu. Har aka kusa ba hammata iska.

Ta wajenmu nas ɗin da aka turo, Anti Akosuwa, 'yar Asante ce, Hausarta a karye amma ba ta ɗaukar wargi. Ta ce: "Wanda yake taɓa mai ciwo, farko. Yaro ƙarami da ba shi da lamba, na biyu. Sauran, su jira."

Na sa Goggo Hajo a layi na ɗaya, don ita ke wanke duk macen da ta rasu a unguwar nan. Ba ta wurin, an kira ta layin mahauta. Na sa ungozoma. Na sa mata biyu masu jinya. Sai yara, har da Rakiyatu autata mai shekara biyar, ban yi wata-wata ba na rubuta ta. Mata na ta miƙo mini jarirai kamar ni ce mai rabon aljanna.

Ashirin da tara. Saura layi ɗaya.

Anti Akosuwa ta ɗaga hannu. "Akwai wani kuma da yake taɓa gawa? Mai taimakon tsohuwa?"

Akwai mana. Wa ke zuba wa Goggo ruwa in tana wanka? Wa ke riƙe mata zane, wa ke wanke ƙwaryar bayan an gama? Duk matan nan sun sani. Suka yi tsit, kowacce na rungume da nata, suka zuba mini ido. Salamatu mai waken shinkafa har da murmushi, irin na bari mu ga yadda 'yar boko za ta yi. Na sa bakin fensir a kan layin. Na ji kamar ana cewa, ga ta nan, ta koyi rubutu ta zubar da kunya, ta rubuta 'yar fari da hannunta a gaban jama'a.

Sai uwargidan Alhaji Zuberu ta turo jikanta, ɗan wata shida. Na rubuta shi.

Na ce a raina Goggo za ta zo da ita ranar Alhamis, ba wanda zai hana mai zuba ruwan gawa. Ɗigo ɗaya ne fa.

Laraba, 7 ga Maris, da hantsi

Ta zo. Ƙosai uku. Ta ce, "Yaya, an ce ke kika rubuta mutane." Na ce eh, na juya ina kwashe ƙosan da bai soyu ba.

Alhamis, 8 ga Maris, bayan la'asar

An yi lamba a ƙarƙashin mangwaron makaranta. Ruwan yana cikin 'yan kwalabe sirara kamar tsinken tsintsiya, kowane ɗaya na mutum ɗaya, a ƙirge. A fasa, a ɗiga a dantse, a karce da allura. Wani akawu ne ke kiran suna daga takardata.

Goggo ta zo da ita. Aka kira Goggo farko, ta miƙa hannu tana tsokanar nas wai kada a ɓata mata jiki, tana da saurayi a kasuwar Kejetiya. Aka yi dariya. Ta koma gefe ta ce wa yarinyar, "Tsaya nan, za a kira ki."

Ta tsaya. Tana sanye da zanen nan mai ganyen koko. Aka kira na goma, aka kira na ashirin. Rakiyatu ta yi kuka, ita ce ma ta ɗauke ta tana hura mata hannu. Aka kira na talatin. Akawu ya naɗe takarda.

Na je wurin Anti Akosuwa na ce akwai mai taimakon tsohuwa. Ta buɗe mini akwatin, ba komai sai ruwan ƙanƙarar da ta narke. Ta ce, "Maame, na tambaya ranar Talata. Na tambaye ki."

Yarinyar ta dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Ta sauke Rakiyatu, ta gyara ɗankwalinta, ta bi bayan Goggo.

Alhamis ɗin dai, da magariba

Goggo ta zo har ɗakina, ba sallama.

"Barkisu, fensirin a hannun wa yake?"

Na ce, "Goggo, a gaban mutane ne. Na ɗauka ke za ki—"

"Ni na iya karatu? Na san abin da ke cikin takardarki? Da kin aiko kin ce babu ita, wallahi da nawa na ba ta. Me zan yi da lamba, ni da ƙafata ɗaya ke cikin kabari?"

Na ce ai ita ta koya mini kunyar. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ta ce, "Na koya miki kada ki kira ta. Ban koya miki ki bar ta a rana ba." Ta ja sandarta ta fita.

Juma'a, 9 ga Maris, da azahar

Matar Sumaila mahauci ta rasu, baƙon ne ya ɗauke ta. Na aika a ce wa Goggo ta nemi wata ta zuba mata ruwa. Aka dawo aka ce an nema, ba wadda ta yarda, kuma yarinyar ta ce ba za ta bar Mma ta ɗaga tulu ita kaɗai ba. Taurin kai. Ban san inda ta samo shi ba.

Na sani.

Lahadi, 11 ga Maris, da hantsi

Ta zo kamar ba abin da ya faru. Ta duba dantsen Rakiyatu ta ce, "Ya kama, Yaya. Kada a sa masa ruwa, kada a bari ta sosa." Na ce to. Na sa ƙosai biyar. Ta buɗe ganyen ta ƙirga da ido, ta mayar mini da biyu, ta ce Mma ba za ta iya cinye su ba.

Laraba, 14 ga Maris, da asuba

Kullum in ta sunkuya ɗaukar kwano sai in leƙa goshinta da bayan hannunta. Sumul. Alhamdulillahi. An ce baƙon yakan kwana goma sha biyu a jiki kafin ya nuna kansa. Yau biyar.

Asabar, 17 ga Maris, bayan la'asar

Takwas. An yi ruwan farko, kwata ta cika ta shigo mini rumfa. Salamatu ta zo fakewa tana ba ni labarin wai a Asokore Mampong wasu da aka yi wa lamba sun koma gida sun goge wurin da lemon tsami don kada ya kama. Tir! Ga mai nema bai samu ba, ga wanda ya samu yana gogewa. Na ce mata ta matsa mini daga bakin murhu. Ta ce me ta yi mini. Ba ta yi mini komai ba, murmushi kawai ta yi ranar Talata, kuma ba murmushinta ne ya riƙe fensir ba.

Talata, 20 ga Maris, da hantsi

Goma sha ɗaya. Ta zo, ta yi dariya da Rakiyatu. Gobe shi ke nan, in Allah ya so.

Laraba, 21 ga Maris, da hantsi

Ba ta zo ba.

Laraba, da azahar

Zazzaɓi ne da ciwon baya. Ai kowa na zazzaɓi bayan ruwan farko. Na kai koko da kaina, na tsaya a bakin ƙofa na tambayi Goggo yaya mai jiki. Daga ciki na ji ta ce, "Yaya ce?" Na ce eh, sannu. Ban shiga ba. Akwai maƙwabta a tsakar gida.

Kai, Barkisu. Kai.

Asabar, 24 ga Maris, da la'asar

Sun zo da motar asibiti. Masu duba gari sun ƙone tabarmarta da zanen nan mai ganyen koko. An kai ta rumfunan da aka kafa a bayan gari, aka kewaye da waya. Ba a shiga. Goggo ta bi motar da gudu har kwanar famfo, da sandarta, da tsufanta, tana kiran sunan tana ƙarawa. Ni ina tsaye da matsami a hannu.

Litinin, 26 ga Maris, da asuba

Na naɗe uku a ganye kafin in tuna.

Talata, 27 ga Maris, da azahar

Ruwan lamba ya zo, akwati huɗu. Yanzu ba takarda, ba layi, ba na farko ba na biyu, ko akuyarka ka kawo sai a yi mata. Har ana bin mutane gida-gida ana roƙonsu. Anti Akosuwa ta kama hannuna ta yi mini, ban ma ji ba. Ta ce ta ga yarinyar jiya, ƙurajen sun fito da yawa, fuska ta kumbura, amma tana shan ruwa. Ta ce in mai ciwo na shan ruwa akwai fata. Sai ta ce, "'Yar wa ce ma? Ta tsohuwa?" Na ce eh. Ta dube ni, ta dubi goshina, ta ce, "Yoo," wato "to" da yarensu.

Goshinmu ɗaya. Kowa na faɗa in ba na kusa.

Alhamis, 29 ga Maris, bayan la'asar

Rafi'u ya zo, direban nan na tashar Reskos da aka yi musu baiko da ita, za a ɗaura bayan ƙaramar salla. Shi an yi masa tun ranar farko, cikin rabon direbobi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce kullum yana zuwa bakin waya. Ya ce ko da wane irin zane ta fito a fuska shi yana nan. Yaron kirki. Amma sau huɗu ya faɗi sunanta a zama ɗaya, haka kawai, kamar mai cewa a miƙo masa ruwa. Wallahi sai na ji ina ƙyashinsa.

Da ya tafi na ɗauko littafin nan na gwada. Na yi S. Ga shi nan. Sai hannun ya tsaya.

Lahadi, 1 ga Afrilu, da hantsi

Ni ke dama kunu, Goggo ke kaiwa. Mun koma magana, amma iyakarta kunu. Yau ta ce an fito da uku daga rumfar mata, a naɗe. Ba ta cikinsu.

Na tuna ranar da aka yaye ta. Ta riƙe bakin zanena da hannu biyu, Goggo na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na juya baya ina dariya da mata don kada a ce na damu. Nonona ya yi kwana bakwai yana zuba. Tun daga ranar ban ƙara taɓa ta ba, sai in yatsunmu sun haɗu a kan kwanon koko. Ina so in tsefe mata kai. Abin da nake so ke nan, ba wani babban abu ba. In zaunar da ita tsakanin ƙafafuna in tsefe mata kai, in ja da ƙarfi ta ce wash, in ce zauna daidai.

Laraba, 4 ga Afrilu, da magariba

Ba labari.

Juma'a, 6 ga Afrilu, da azahar

An ce kwana biyu ba ta karɓi kunu ba. An ce ba ta magana. Azumi saura 'yan kwanaki, mata na ta daka gero, ni ko turmi ban kafa ba. Ya Allah, kuskuren nawa ne. Kai ka ga layin nan, ka ga wanda ya riƙe fensir.

Lahadi, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Ƙafar Goggo ta kumbura, ta kasa tashi. Ta miƙo mini kwanon ta ce, "Je ki."

Na shiga mota har ƙarshen kwalta, na taka sauran. Rumfuna huɗu ne na kwano, tsakaninsu da waya kamar taku talatin. Mutane sun yi layi a jikin wayar, har da matan unguwarmu, har da Salamatu da ta kawo wa ƙaninta abinci. Mai gadin wani tsohon soja ne, Seini, mutumin Dagomba, muryarsa ta dishe. Na miƙa kwano na ce na 'yar Goggo Hajo ne.

Ya ce, "Ba Hajo a nan. Suna?"

Na ce yarinyar da tsohuwa mai sanda ke kawo wa kunu.

"Maame, tsohuwa mai sanda goma ne yake zuwa nan. Mace ashirin yana ciki. Wane ne naka? Ka kira shi. In ya iya tashi, ya zo taga. Ni murya ya ƙare."

Na waiwaya. Duk suna kallona, kamar ranar Talatar nan, idanun nan dai. Salamatu ta matso ta ce a hankali, "Bari in kira miki." Allah ya saka mata, da zuciya ɗaya ta faɗa. Na ce a'a.

Na ajiye kwanon a ƙasa. Na kama wayar da hannu biyu. Kira na farko bai fito ba, iska ce kawai. Na biyu ya fito kamar na mai mura. Na uku kuwa, sai da tsuntsaye suka tashi daga kan rufin rumfunan.

Sahadatu.

Ga shi na rubuta. Sahadatu. Sahadatu.

Ba motsi. Na sake kira, na sake, ban san sau nawa ba, ɗankwalina ya faɗi ban ɗauka ba. Can sai wata mai jinya ta bayyana a tagar rumfa ta biyu, tana tallabe da wata. Ban gane fuskar ba, duk ɓawon ƙuraje ne, idanun a manne. Goshin na gane.

Ta juya kai dama, ta juya hagu. Ta san muryata, shekara goma sha bakwai tana jin ta a kan koko da canji. Ta san sunanta. Ba ta taɓa jin su tare ba.

Ta ce, da wata 'yar murya, "Wa ke kirana?"

Na ce, "Ni ce."

"Yaya?"

Na ce, "Ba Yaya ba ce. Uwarki ce. Uwarki ce da ta haife ki, Sahadatu. Na kawo miki kunu, kuma sai kin sha."

Mai jinyar ta sunkuya ta saurari abin da take faɗa, sannan ta ɗago ta ƙwala mini daga can:

"Ta ce za ta sha. Ta ce wai ki ƙara kira."